Ta Hannun Shugaba

Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, kuma ranaku da yawa sun shafe a raina, masu daɗi da marasa daɗi. Amma akwai wata Talata a watan Agustan 2020 da har yau ta ƙi shafewa. Kun ce in rubuta wani abu daga rayuwata ta aiki don sababbin malamai su karanta, na kuma san abin da kuke so. Kuna so in ba da labarin takardar yabon nan da aka ba ni bayan korona, wadda ake ambatawa duk lokacin da aka gabatar da ni a taro. To, labarinta zan bayar, sai dai ba yadda masu gabatarwa suke bayar da shi ba.

Sunana Haruna. A lokacin ina mataki na sha huɗu, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke unguwar Nasarawa a Kaduna, nan ƙetaren kogi. Tun watan Maris aka rufe makarantu. Da Agusta ta kama sai aka ce 'yan ajin ƙarshe kaɗai su dawo, su yi bitar mako guda su shiga jarrabawar fita, kowace makaranta kuma ta naɗa malami ɗaya da zai kula da matakan kariya. Shugabanmu bai wahalar da kansa wajen zaɓe ba. Ya ce tunda ni nake zana ƙwayoyin cuta a allo, ni zan tare su a bakin ƙofa.

An tara mu yini guda a wani zaure a Barnawa aka koya mana aikin. Bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa, takunkumi a kowace fuska, tazara tsakanin kujeru, sai na'urar auna zafin jiki da yara suka sa wa suna bindiga, da rajistar da za mu riƙa rubuta duk wanda ya nuna alamar cutar. Jami'ar lafiyar da ta rufe taron ta rubuta wata lambar waya a allo, ta ce, "Duk wanda ya nuna alama, malami ko ɗalibi, ku kira lambar nan nan take. Ba sai kun jira kowa ba, kuma kada ku yi shela. Sunan mara lafiya amana ne a hannunku." Na kwafe lambar a bangon rajista, na kuma sa ta a wayata. Har tafi na yi wa matar.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Madam Rifkatu. Malamar lissafinmu ce, mutuniyar kudancin jihar nan, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Tana haya a Trikania, a irin gidan nan mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya, makewayi biyu, kowa ya san abin da aka dafa a ɗakin kowa. Watannin nan na kulle, mu sauran malamai muna kwance a gida muna tura wa juna saƙon citta da tafarnuwa da lemon tsami. An ce yara su bi darasi ta rediyo ko ta waya, ita kuwa ta san yawancin ɗalibanta ba su da babbar waya, rediyon gidansu ma na uba ne. Sai ta shirya da wata mai shagon kayan masarufi a bakin titin Nasarawa. Duk ranar da aka sassauta kulle don cefane, yara su ajiye littattafansu na lissafi a shagon, ita kuma ta tako da ƙafa daga Trikania ta kwashe, ta duba da jan biro, ta rubuta wa kowane yaro sabon aiki da hannunta daidai inda ya gaza, ta mayar. Littafi arba'in da 'yan kai. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya ce mata sannu. Ni kaina ban sani ba sai ranar Litinin da aka dawo, da ta shigo ɗakin gwaje-gwajena da su cikin jakar bakko, ta ce in ajiye mata, gobe za ta raba wa masu su. Lissafi ne takarda ta farko a jarrabawar, Litinin mai zuwa.

Washegari Talata, wajen bakwai da rabi na safe, na gama auna yara na koma ɗakin gwaje-gwaje, sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Takunkumi biyu ta sa, ɗaya a kan ɗaya. Ni na auna ta da hannuna minti goma kafin nan, jikinta ba zafi.

Ta ce, "Malam Haruna, tsaya daga nan, kada ka matso."

Na ce, "Lafiya, Madam?"

"Ita ce ban sani ba. Jiya da yamma na soya albasa da manja, ban ji komai ba. Na ce ko mura ce. Na buɗe galan ɗin kananzir na kai hanci, kamar ruwa. Yau da safe shayi ma ba ɗanɗano."

A taron Barnawa an jaddada mana wannan alamar.

Ta ce, "Ba zan shiga aji ba. Yarana na tura su wurin ƙanwata a Barnawa tun da safe, ni zan koma in rufe kaina a ɗaki. Kai ka kira mutanen nan su gaya min inda zan je a gwada ni. Amma don Allah, Malam, tsakanina da kai. Ka san gidan haya. In maganar nan ta shiga Trikania na shiga uku."

Na ce, "Kada ki damu, Madam, ai aikina ne."

"Littattafan yara kuma, bar su a jakar kada kowa ya taɓa. Ranar Juma'a ka raba musu, su samu Asabar da Lahadi su duba."

Ta juya ta fita ta ƙaramar ƙofar baya don kada ta ratsa cikin yara. Duk abin da aka ɓata yini ana koya mana, matar nan da ba ta je taron ba ta yi shi cikin minti biyar. Abin da ya rage nawa ne, in ciro waya daga aljihu in danna lamba.

Ban danna ba. Ga waɗanda ba su yi aikin gwamnati ba sai na yi bayani. A aikinmu ƙaramin ma'aikaci ba ya magana da ofishin waje kai tsaye. Komai ƙanƙantar magana rubuta ta ake yi, a sa sunan ofishin da za ta je a sama, a ƙarƙashinsa a rubuta "ta hannun Shugaban Makaranta", a ƙarƙashin wannan kuma "ta hannun Mataimaki mai kula da mulki". Kowannensu sai ya gani ya sa hannu kafin takarda ta bar harabar makaranta. Wanda ya tsallake wannan an ce ya haura kan manya. Ni kuwa na taɓa haurawa. Ina sabon malami na rubuta wa ofishin shiyya kai tsaye cewa rufin ɗakin gwaje-gwaje yana yoyo. Rufi bai gyaru ba, ni aka gyara. Aka ba ni takardar tuhuma, in amsa cikin awa ashirin da huɗu, aka liƙa kwafi a fayil ɗina, ta kuma jinkirta min ƙarin girma. Tun ranar na zama mutumin ƙa'ida, har ina taƙama da hakan ina koya wa na baya.

Saboda haka na zauna na zaro farar takarda. Na gaya wa kaina aikin rabin awa ne, Shugaba ya sa hannu sai in kira da izininsa. Na rubuta wasiƙa mai kyau, wallahi mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Ƙa'ida ta ce duk wasiƙar da ta shafi ma'aikaci sai an sa cikakken sunansa da matakinsa da lambar fayil ɗinsa a kan magana, da manyan baƙaƙe, a ja layi. Na sa. Da na tuna alkawarin da na yi mata sai na ɗauki jan biro na rubuta SIRRI a saman takardar, na ja layi biyu. Ni a ganina na riƙe amana ke nan. Shekara talatin ina shiga ofishin makaranta, amma ban tsaya na tuna ba cewa takardar da ba a rubuta komai a kanta ba takan yi wata guda ba wanda ya ɗaga, wadda aka rubuta wa SIRRI kuwa har mai shara sai ya leƙa.

Wasiƙar hukuma ba ta tafiya da rubutun hannu, sai na kai wa mai buga mana takardu ta buga kwafi uku. Ina tsaye na ga ta kai layi na biyu, ta ja takunkuminta sama, ta matsar da kujera. Daga nan sai akawu, wanda dole ya kwafe kan maganar a babban littafin wasiƙu, littafin da ke buɗe a kan kanta, gefen wanda malamai ke sa hannun zuwa aiki. Ya nemo fayil ɗin Madam ya liƙa wasiƙar, ya miƙa wa masinjanmu, wani dattijo mai suna Baba Iliya. Baba Iliya bai yi boko ba, amma ya ga akawu ya riƙo fayil da gefen riga, ya tambaya, aka gaya masa. Mataimaki ya karanta, ya rubuta "Shugaba, a duba", ya fita ya wanke hannu har gwiwa. Shugaba kuwa ba ya nan, ya tafi taron kwana biyu na shugabannin makarantu kan shirin jarrabawa. Na kira shi sau biyu, ya ce yana cikin taro, ko mene ne ya jira shi a tebur. Ku lura da kyau, Shugaba na kira, da wayar nan dai da lambar jami'an lafiya take ciki.

Baba Iliya a Trikania yake zaune, layin da ke bayan na su Madam. Ba mugu ba ne, ban taɓa jin haushinsa ba. Jikokinsa a famfon gidan su Madam suke ɗiban ruwa, don haka da ya koma gida ya ce wa matarsa kada yara su ƙara zuwa can. Matar ta tambayi dalili, ya faɗa mata.

Laraba da azahar Madam Rifkatu ta kira ni.

"Malam Haruna, wa ka gaya wa?"

"Ban gaya wa kowa ba, Madam. Rubutawa na yi."

Na ji ta ja numfashi. Can ta ce, "Rubutawa."

"Ta hannun Shugaba, kamar yadda aka saba. Na sa sirri a kai."

"Sun sa kwaɗo a makewayi duka biyun. Sun ce kada in taɓa famfo. Maman Blessing da muke cin tuwo kwano ɗaya tana tsakar gida tana ihu na kawo musu mutuwa. Tun jiya da bokiti ɗaya na ruwa nake. Masu gwajin fa, yaushe za su neme ni?"

Na ce takarda tana teburin Shugaba, gobe zai dawo. Ta kashe wayar.

Za ku ce ai a nan na farka. Ban farka ba. Na zauna ina lissafin ma'aikaci: takarda ta riga ta shiga hanya, in na kira yanzu na haura kan Shugaba bayan na rubuta masa, laifi ya zama biyu, ga ritaya saura 'yan shekaru. Mace na kulle a ɗaki ba ruwa ba makewayi, ni ina tunanin fayil ɗina. Duk lokacin da na tuna yammacin nan kunyar kaina nake ji.

Safiyar Alhamis Shugaba ya dawo ya tarar da iyaye a ƙofa. Kaduna dai kun san ta, ba kullum mutanen Makera da na Nasarawa da na Trikania suke haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Ranar sun haɗu, Alhaji da Dikin na coci kafaɗa da kafaɗa, rabinsu takunkumi a haɓa, suna cunkushe da juna suna neman a kare musu 'ya'ya daga cuta. Shugaba ya lallaɓa su ya shige ofis, ya aika a kira ni, ya rufe ƙofa ya ɗaga fayil ɗin.

"Malam Haruna, mene ne wannan?"

"Rahoto ne, ranka ya daɗe, kamar yadda ƙa'ida ta tanada."

"Ƙa'ida! Ka san abin da zai faru in takardar nan ta fita da sa hannuna? Su zo su rufe makaranta, saura kwana huɗu jarrabawa. Yaran nan ina za su zauna? Wa zai amsa tambaya, ni ko kai?"

"An dai ce mana in an samu mai alama a kira lambar da aka ba mu."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "To me ya hana ka kira? Ai da ka kira shi ke nan, tsakaninka da su, ba abin da ya zo teburina. Wa ya ce ka rubuto min?"

Da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Ya ɗauki biro ya rubuta a gefen wasiƙar, "A ajiye tukuna", ya jefa fayil a durowa ya murɗa makulli. Wasiƙar ta shiga kunnen duk wanda bai kamata ya ji ba, ofishin da aka rubuta ta dominsa kuwa ba ta je ba.

Na koma ɗakin gwaje-gwaje na danna lambar. Bugu biyu aka ɗauka. Matar da ta amsa ta tambayi suna da unguwa, ta ce, "Tun yaushe ta gaya maka?" Na ce Talata. Ta ce, "Malam, yau fa Alhamis. Da Talatar ka kira, da mun ba ta wuri da lokaci ta zo da ƙafarta, ba wanda zai sani. Yanzu maƙwabtanta sun dame mu da kira tun jiya, har sun ce za su fitar da ita da ƙarfi. Mota ta riga ta tafi." Haka aka ɗauke ta da rana tsaka, mutane sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, duk layin ya fito kallo, matasa na ɗauka a waya. Jami'an sun zo makaranta da yamma, suka tambayi waɗanda suka zauna kusa da ita, suka yi feshi a ajin da ta shiga ranar Litinin. Suka ce tunda ta sa takunkumi ta kuma janye kanta da wuri, a ci gaba da shirin jarrabawa. Makarantar da Shugaba yake tsoron a rufe, ba wanda ya yi zancen rufe ta.

Sai Juma'a, ranar da ta ce in raba littattafai. Yara sun gaya wa iyayensu cewa littattafansu na lissafi sun yi watanni suna kwana a ɗakin Madam. Shugaban ƙungiyar iyaye ya zo da mutum biyar, suka ce ko a ƙona su a gabansu, ko su kai ƙara sama. Na ce wa Shugaba, "Ranka ya daɗe, littattafan nan kwana huɗu suna ɗaure a jaka, ba abin da ya rage a jikinsu. Ranar Litinin lissafi." Ya ce, "Ni ma na sani. Fita ka gaya wa waɗancan." Ban fita ba. Ya ce, "Kai ne jami'in kariya, kai za ka yi, su gani da idonsu hankalinsu ya kwanta."

Ni na ja jakar zuwa ramin shara da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ni na zazzage ta, ni na zuba kananzir, warinsa ya buge ni har ta cikin takunkumi, na tuna abin da ta ce a bakin ƙofa. Da wuta ta kama sai shafuka suka riƙa buɗewa, ko'ina jan bironta. Ɗaya ya buɗe daidai ƙafata, na karanta kafin ya ci: "Kin kusa, Maryam. Sake duba layi na uku, ki kawo min." Yaran suna tsaye a barandar aji suna kallo, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara kamar yadda na koya musu. Iyaye suka yi min godiya suka tafi, ɗaya ma har ya ce Allah ya ƙaro mana irina.

Gwajin ya nuna tana ɗauke da cutar. Ta yi kusan mako biyu a wurin killacewa, ba ta sha wuya sosai ba, aka sallame ta da takardar shaidar ta warke. Mai gidan hayar bai karanta takardar ba. Ya aiko mata cewa sauran 'yan haya sun ce ko ita ko su, ta kwashe kayanta. Shekara tara a gidan, a nan mijinta ya rasu, ta fita ba wanda ya kama mata ko kujera. Ta koma ɗaki ɗaya a wurin ƙanwarta a Barnawa, ita da yara biyu.

Da aka buɗe wa sauran azuzuwa ta dawo aiki. A ɗakin malamai kujerun da ke kusa da teburinta suka riƙa ƙaura da kansu. Takan kawo gyaɗa soyayya a kwalba ta ajiye kowa ya ɗiba, yanzu kwalbar sai ta yini a cike. Ƙananan yara suka sa mata suna Madam Korona, suna faɗa in ta ba da baya. Da sakamakon jarrabawa ya fito lissafi bai yi kyau ba. Ba zan ce littattafan ne kaɗai dalili ba, yaran sun yi watanni ba aji. Amma a taron malamai Shugaba ya buɗe baki ya ce malamar lissafi ta yi bayani a rubuce kan abin da ya jawo faɗuwar. Ina zaune a wurin, na sunkuyar da kai. A makon ta nemi canjin wurin aiki zuwa garinsu.

Ga kuma abin da ya faru da aikina na kariya. Daga ranar da aka ɗauke ta, ba wanda ya ƙara tsayawa a bakin ƙofata ya ce ba ya jin daɗi. Kowa ya ga abin da faɗin gaskiya ya jawo. Da idona na ga wani abokin aikinmu ya sauka daga keke napep nesa da ƙofa, ya haɗiyi farasitamol biyu, ya tsaya a inuwa ya shafa ruwa a goshi, sannan ya zo na auna shi bindiga ta ce lafiya lau. Tari a ɗakin malamai ya koma sanyin damina, rashin jin ƙamshi ya koma mura. Wa ya kamu, wa ya kai wa tsohuwarsa gida, Allah kaɗai ya sani. Rajistata dai fara tas. Ko sunan Madam Rifkatu babu a ciki, don Shugaba ya ce kada in shigar sai an yanke hukunci a kan wasiƙata, wasiƙar kuwa tana durowa.

Ƙarshen zango aka karɓi rajistocin makarantu aka duba. Tamu ba suna ko ɗaya. Wannan ne ya jawo min takardar yabon da kuke ji, wadda ta ce na nuna ƙwazo da bin ƙa'ida wajen kare al'ummar makaranta. Ta zo da sunana a ambulan a liƙe, ba wanda ya buɗe ta a hanya.

Ranar da Madam Rifkatu za ta tafi ta zo ɗakin gwaje-gwaje. Ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ta tsaya ranar Talatar nan, ko da yake yanzu ba abin da ya hana ta shigowa. Na miƙe na fara jero abin da na daɗe ina shiryawa, cewa ban yi da mugun nufi ba, cewa haka aka horar da mu. Ta ɗaga hannu.

"Na san ba ka yi da mugunta ba, Malam Haruna. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta. Abu ɗaya nake so in sani. Ranar da na zo nan, wayarka tana jikinka?"

Na ce, "Tana aljihuna."

"Da kati a ciki?"

"Da kati."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To. Allah ya ba mu alheri." Ta tafi, ban sake ganinta ba. Na ji tana koyarwa a wata makaranta can kudu, na kuma ji ba ta ƙara ɗaukar littafin ɗalibi ta kai gida ba.

Lokacin da nake zagayen sa hannun ritaya, akawu ya buɗe tsohuwar durowar Shugaba yana neman wata takarda tawa, sai ga wasiƙar. An cire ta daga fayil ɗin Madam kafin a tura shi, an bar ta nan. Kwafi uku cif, SIRRI da jan biro, "A ajiye tukuna" a gefe. Har yau ana ajiye da ita.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku "ta hannun", kuma ku koya, don makaranta ba ta tafiya sai da tsari. Amma ku san abin da ni ban yarda na sani ba sai da na lalata wa baiwar Allah zama: yawancin lokacin da muke cewa muna bin ƙa'ida, kanmu muke karewa, don in abu ya ɓaci a ga sa hannun wani a saman namu. Mutanen aikinmu ba miyagu ba ne, matsorata ne, ni ne kuma na gaba a cikinsu. Makaranta ba ta tsira daga annoba da bokiti da bindigar auna zafi. Tana tsira ne in mara lafiya ya yarda zai iya faɗa ba a tozarta shi ba. Mu mutum ɗaya ce ta yarda da mu, ta zo da ƙafarta ta faɗa, muka yi mata abin da ya rufe bakin kowa.

Don haka in wani ya tsaya a bakin ƙofarku ya ce "tsakanina da kai", kada hannunku ya je kan takarda. Takardar yabon tana ƙasan akwatina, in da mai so ya zo ya ɗauka. Ni abin da na fita da shi daga aikin gwamnati tambayoyi biyu ne na Madam Rifkatu, kuma duk shekarun nan amsar ba ta canza ba. Wayar tana aljihuna, da kati a ciki.